Sunan Da Ke Bayan Rigar Aji

Bolari, Gombe
Lahadi

Ƙanina Aji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinka, ya gwiwar nan da ka ce tana yi maka ciwo in an yi sanyi? Mu nan alhamdulillahi. Maigidana Yuguda yana gaishe ka, yana nan yana fama da Keke Napep ɗinsa. Iya ma da sauƙi, hawan jinin ya sauka wancan makon, idon ne dai kullum jiya i yau.

Kar ka yi mamakin ganin takarda. Rubutawa na yi na ɗauki hotonta na turo maka, don maganar ba ta saƙon murya ba ce. Iya ido ne ya yi rauni, amma kunnenta ko allura ce ta faɗi sai ta ji.

Aji, an yi ɓarna.

Jiya da hantsi tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, rediyonta a gefe. Ka san ta da shirin wasanni, da an fara take murɗewa. Jiya kuwa hannunta na cikin faranti, sai ta bar shi. Mai gabatar da shirin ya ce ranar Asabar mai zuwa za a buga wasan ƙarshe na kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka, kuma cikin 'yan wasan ƙungiyar Maroko akwai ɗan gida, Mudathir Wakil, ɗan shekara ashirin da uku, haifaffen Borno, danginsa suna zaune a Gombe. Har sunan garinmu sai da ya faɗa, ɗan kanzagin.

Ina kan keken ɗinki na ji farantin ya faɗi.

Ba sai na tuna maka ba, amma zan tuna maka, don na ga kamar zaman Maroko ya goge maka wasu abubuwan. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ranar da aka shigo garinmu muka gudo. Ƙaninmu Mudathir ya tafi kai wa Baba abinci gona. Baba an ga gawarsa, shi ba a gani ba. Tun daga ranar Iya ta hana a yi masa addu'ar mamaci, ta ce ba a yi wa mai rai. Abu ɗaya ta fito da shi nasa a ƙullin zaninta, takardar haihuwarsa. Da ejan ɗin nan mai kai 'yan ƙwallo ƙasar waje ya ce maka shekara ashirin ta yi yawa, ɗan sha shida Larabawa ke so, wa ya buɗe akwatin Iya ya zaro takardar ya ba ka? Ni ce. Shekara bakwai kana buga ƙwallo da sunan ƙaninka, Iya ba ta sani ba. Ita dai ta san Ajinta yana ƙwallo a ƙasar waje, shi ke nan.

Ta kama hannuna ta ce, "Falmata, kin ji? Gaskiya ne?"

Wallahi na buɗe baki in ce mata, "Iya, Aji ne." Sai na dubi fuskarta. Rabon da in ga fuskar Iya haka tun muna gida. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Bari mu tambayi Aji." Ka ga wautar da na yi.

Kafin la'asar ta gama haɗa labarinta ita kaɗai. Wai Mudathir hamada ya bi, Allah ya kai shi Maroko, ya haɗa ku a ƙungiya ɗaya, kai kuma ka ɓoye mata don kar murna ta tayar mata da jini. Matan unguwa sai shigowa barka suke yi, "Ya Aisa, ashe kina da wani ɗan a can!" Su me suka sani? A Gombe suka san mu. Samarin kuwa sun san da sunan takarda kake wasa, amma ba su san ko sunan wane ne ba. Na sa Yuguda ya bi su ya roƙe su su kama bakinsu.

Ta kira ka ya fi sau goma, wayarka a kashe. Don Allah da ka ga wannan ka kira ta, ka gaya mata da bakinka. Ni ko ɗinkin mutane na kasa yi.

Yayarka,
Falmata

Sansanin horo, Maroko
Talata

Ya Falmata,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Ina lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, likitan ƙungiya ya ce zan iya buga minti casa'in. Ki gaishe da Yuguda da yara.

Ba kashe waya na yi don kowa ba. Koci ne ya karɓe wayoyinmu gaba ɗaya tun ranar Asabar, ya kulle a ofishinsa. Rabin awa ake ba mu, Talata da Juma'a. Yanzu haka ina rubuta wannan a bayan takardar jadawalin horo, saura minti goma sha biyu a karɓe.

Na ga kiran Iya goma sha huɗu. Na ɗora yatsa a kan lambarta, na kasa dannawa. In na ji muryarta tana tambayata ina Mudathir, wallahi ba zan iya shiga fili ranar Asabar ba.

Ya Falmata, ki saurare ni da kyau, ba ki san yadda abin yake a nan ba. Ƙungiyar da za mu kara da ita tana da mutane waɗanda ba su da aiki sai tonon asirin 'yan wasa. In aka gano takardata ba tawa ba ce, ba ni kaɗai za a kora ba. Ko mun ci kofin, ƙwace shi za a yi. Mu ashirin da biyar ne, akwai wanda shekara goma sha biyar yana jiran wannan rana. Yanzu ki ɗauka an gaya wa Iya, ta fashe da kuka, matan unguwa suka ji dalili. Kwana nawa zai ɗauka kafin ya kai rediyo? Daga rediyo zuwa waya, daga waya zuwa nan, ai ko wuni ba za a yi ba.

Ki riƙe ta har Asabar. Kwana huɗu ne kawai. Kar a bar wani ɗan jarida ya shiga gidan nan. Kuma kar ta kalli wasan, ki ce talabijin ta lalace, ko ki bari a ɗauke wuta, ai ba sai an roƙe su ba. Da an gama zan hau jirgi in zo da kaina, in durƙusa a gabanta, duk abin da za ta yi mini ta yi.

Kin ce Maroko ta goge mini abubuwa. Wannan maganar ta yi mini zafi. Ke sau ɗaya kika buɗe akwati. Ni kullum ta Allah sai an kira ni da sunan nan sau ɗari, kuma sai na juya na amsa. Koci ya kira, 'yan kallo su rera shi da waƙa. Farkon zuwana in aka kira sai in waiga bayana in ga ko yana nan. Ba don takardar nan ba, da har yau ina wanke keke a tashar Bolari, ke ma kin sani. Ban ce na yi daidai ba. Amma kar ki ce na manta.

Ga mai karɓar waya nan ya shigo.

Ƙaninki,
Aji

Bolari, Gombe
Laraba

Aji,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Iya lafiyarta ƙalau, har ta fi ni, kuma abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Na karanta takardarka sau uku ina neman inda ka tambayi jikinta, ban gani ba. Na ga kofi, na ga koci, na ga mutum ashirin da biyar. Sannu, uban tausayi. "Ki riƙe ta har Asabar." Akuya ce da zan ɗaure a turke?

Bari in gaya maka abin da ake riƙewa. Matar da rabonta da kasuwa shekara uku, jiya ta sa Yuguda ya ɗauke ta a keke har Tudun Wada ta sayo wa Mudathir hula. Ta tsaya tana gwada faɗin kai da tafin hannu, tana ce wa mai hular, "Da yana sha biyu kansa kamar haka yake, yanzu ka ƙara mini yatsa biyu." Yuguda ya ce shi fita ya yi daga shagon. Ta ƙunsa lalle. Tana cinye tuwonta tas har ta nemi ƙari. Da safen nan na ji ta tana waƙar daka da yarenmu, irin wadda take yi a gida. Kowane lokaci sai ta kira ni, "Falmata, kina ganin ya yi gemu? Kina ganin zai gane ni?"

Maganar hana ta kallo kuwa, ka makara. Da kanta ta aika aka kira Hudu mai gidan kallo, ta ce masa ita ba za ta shiga cikin maza ba, amma tana so ta ga ɗanta. Hudu ya ce wace irin magana, uwar ɗan wasa guda! Ranar Asabar babbar talabijin ɗinsa zai kawo tsakar gidanmu, har da janareta. To ka ga ko wutar duniya aka ɗauke, sai ta gani.

Ɗan rediyon ma ya zo jiya da na'urarsa, yana so ya ji ta bakin mahaifiya. A zaure na tare shi, na ce ba ta da lafiya, likita ya hana ta magana. Ina faɗa ana jiyo dariyarta daga ciki. Ya dube ni, na dube shi. Ƙarya ta biyu ke nan a mako ɗaya, ni da ban iya ba.

Kai kana tsoron abin da zai faru in ta ji. Ni ina tsoron abin da zai faru in ta gani. A ce tana zaune gaban mutane, ta zuba ido tana jiran Mudathir, sai ga ka. Da wannan jinin nata? Gara ta ji a ɗaki, a zaune, maganinta a kusa.

Don haka na yanke. Gobe Alhamis bayan sallar asuba, kafin kowa ya tashi, zan shiga in gaya mata komai, nawa da naka. Zan roƙe ta ta rufa maka asiri, in ta ga dama. Ba shawararka nake nema ba, sanar da kai nake yi. In ka ji haushi, ka ji.

Falmata

Sansanin horo, Maroko
Juma'a

Ya Falmata,

Barka da Juma'a. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Iya? Kin ga yau na tambaya. Wancan karon ma ba rashin so ba ne, tsoron amsar nake ji.

Yanzu aka ba ni waya na ga takardarki ta Laraba. Da farko raina ya ɓaci. Da na kai ƙarshe sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Kin yi daidai, kin fi ni zuciya, da ma tun muna yara haka ne. Tunda yau Juma'a ce, kin riga kin gaya mata tun jiya. Na duba ban ga kiranta ba, ban ga wani saƙo daga gare ki ba, na kuma duba labarai ban ga sunana a ko'ina ba. Na gane. Tana fushi, amma ta rufa mini asiri. Iya ke nan. Allah ya saka mata, ke ma Allah ya saka miki.

Ba zan kira ta yau ba. Kunya ba za ta bar ni ba, kuma bai kamata magana irin wannan a yi ta a rabin awa ana tsaye a kaina ba. Sai na zo.

Amma ki roƙe ta ta kalli wasan, ko da tana fushi. Koci ya kafe sunaye, ina cikin waɗanda za su fara, a baya, lamba huɗu. Ki gaya mata na yi alkawari. In Allah ya ba ni ƙwallo, ko ya ba mu kofin, zan je gaban kyamara in juya baya in nuna sunan da ke jikin rigata. Shekara bakwai ina ɓoye shi a zuciyata kamar kayan sata. Gobe ina so Afirka duka ta karanta sunan ƙanina, Iya na kallo, tana sane da ko wane ne. Wannan kaɗai nake da shi da zan ba ta.

Daga yanzu ba waya sai an tashi wasa. Ku yi mana addu'a.

Ƙaninki,
Aji

Bolari, Gombe
Juma'a da yamma

Aji,

Ban gaya mata ba! Innalillahi, ban gaya mata ba!

Wa ya ce maka shirun da ka ji rufin asiri ne? Ba ta kira ka ba ne don na ce mata an karɓe muku waya. Ni kuma ban rubuto ba don kunyar in ce maka na kasa, ina ta jira ka kira ta yau da aka ba ka wayar. Ina kasuwa wajen sayen zare takardarka ta shigo, kafin in gani an riga an karɓe.

Na shiga jiya da asuba kamar yadda na ce. Na same ta a kan sallaya, ta ɗauki azumi na godiya. Kafin in yi magana ta jawo ni ta zaunar, ta ce, "Falmata, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan, Mudathir cewa ya yi kansa na ciwo, a aiki Aji. Ni na ce ƙarya yake, na ɗora masa kwanon abincin babanku a ka na tura shi. Shekara goma sha ɗaya ban yi barci ba tare da na ga bayansa yana fita ba. Yanzu Allah ya yafe mini."

Ka gaya mini, da wane bakin zan yi magana bayan wannan?

Don girman Allah, in akwai wanda zai ara maka waya, mai shara ne, mai gadi ne, ka kira. In ba ka samu ba, to kar ka nuna rigar nan. Ka ci ƙwallonka ka yi sujada kamar kowa. Aji, kar ka juya baya.

Falmata

Maroko
Lahadi

Ya Falmata,

Sai bayan an ba mu kofi aka dawo mana da wayoyi. A ɗakin canza kaya na karanta takardarki, ana ta tsalle ana watsa ruwa a kaina.

Na kira ki sau ashirin da ɗaya. Na kira Iya, a kashe. Na kira Yuguda ya ɗauka ya ce "tana nan da rai," ya kashe. Wace irin amsa ce wannan?

Ban fita zagayen gari da aka yi da kofin ba, na ce gwiwa ce. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne. Ko zagi ne ki rubuto.

Aji

Bolari, Gombe
Talata

Ƙanina Aji,

Assalamu alaikum. Iya tana nan, tana tashi, tana salla, tana shan maganinta. An auna jinin jiya, ya hau amma bai kai na asibiti ba. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran. Ban ɗauki kiranka ba don ban san me zan ce ba, yau dai na zauna.

Tun la'asar ranar Asabar gidanmu ya cika. Hudu ya kafa talabijin a jikin bangon ɗakin girki, mata a kan tabarmi, maza daga zaure har waje. Iya ta sa kayanta na Salla, aka ajiye mata kujera dab da gilashin saboda idonta, har Hudu na cewa ta ja baya kaɗan, ta ƙi.

Kuna fitowa daga ramin nan na shiga fili ta gane ka. Ba ta ga fuska ba ma, tafiyar ta gani. Ta ce, "Ga Aji can, mai karkata kafaɗa irin ta ubansa. Ina ɗan'uwan?" Sai Yuguda, Allah ya yafe masa, ya ce, "Yana benci, Iya, sai an jima za a sa shi."

Ta ce to, ta gyara zama.

Ni ban ga wasan nan ba, Aji. An ce sun matsa muku a farko, an ce ka cire wata ƙwallo daga kan layi, an ce an ba ka katin gargaɗi. Ni fuskar Iya nake kallo. Mai sharhin Larabci yake yi, ba ta jin komai sai suna ɗaya, kuma duk ka taɓa ƙwallo sai ya faɗe shi. Sai ta zabura ta ce, "Ya ambace shi! Ina yake?" Sai in ce ban gani ba. Duk lokacin da aka ɗaga allon canji sai ta miƙa wuya har goshinta ya kusa taɓa gilashi. Aka sa wani dogo, ta ce ba shi ba ne. Aka sa wani fari, ta ce ba shi ba ne. Da aka yi canji na uku ta ce, "Wannan kocin ba shi da imani."

Mutane suka yi dariya. Ni na shiga bayi na yi kuka na wanke fuska na dawo.

Saura minti goma sha biyu aka ba ku bugun kusurwa. Ka san sauran. Na ga ka tashi sama, na ga raga ta motsa, gidan ya ɗauka gaba ɗaya, har wani ya taka mana tulu. Ina ta cewa a raina, yi sujada, yi sujada. Sai ga ka a guje ka nufo mu, fuskarka ta cika talabijin ɗin, kana kuka. Ka juya baya. Ka sa manyan yatsunka biyu kana nuna rubutun. Tsakar gida, zaure, titi, kowa "Mudathir! Mudathir!"

Iya ba ta motsa ba. Ta ce, "Falmata, me aka rubuta a bayan Aji?"

Na kawar da kai daga talabijin ɗin.

Ta ce, "Na sa ki a makaranta. Karanta mini."

Na karanta mata.

Ta ce, "Sake."

Na sake. Sai ta dafa gwiwa ta tashi, ta ratsa mutane suna ta kama hannunta suna mata barka, ta shiga ɗaki. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ƙarar murfin akwati. Ta daɗe tana lalube. Da na shiga na same ta zaune a ƙasa, kayan akwatin duk a zube. Na durƙusa na gaya mata komai, tun daga ejan har rediyo. Ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Ke kika buɗe?" Na ce ni ce.

Ta ce, "Aji ya saka sunan?" Na ce shi ne.

Ta ce, "To."

Da ta yi kuka, da ta mare ni, da na ji sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. A waje aka busa tashi, 'yan keke suka cika layinmu da hon, samari suna buga galan suna rera sunan a ƙofar gidanmu. Tana zaune tana ji. Can ta ce in miƙo mata maganinta, ta sha, ta ce in ja mata ƙofa.

Washegari ba ta fito ba sai azahar. Ta kira ni ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce, "In mutane suka san sunan ba nasa ba ne, me za a yi masa?" Na gaya mata abin da ka rubuto, kora da ƙwace kofi da mutum ashirin da biyar. Ta gyaɗa kai. Sai ta ce a jiƙa shinkafa a yi waina, Yuguda kuma ya je ya gaya wa liman tana son a yi saukar Alƙur'ani gobe, za ta yi wa mamacinta sadaka.

Shekara goma sha ɗaya muna roƙonta wannan, ka tuna.

Jiya aka yi. Malamai bakwai suka zo, aka shimfiɗa musu tabarma a inda aka kafa talabijin. Da aka sauke, liman ya matso bakin labule ya ce, "Ya Aisa, wane suna za mu ambata a addu'a?" Zaure cike da mutane, Hudu na nan, samarin nan duk suna nan. Ina kusa da ita, na ga leɓenta ya haɗu zai fito da harafin farko. Ta tsaya. Liman ya sake tambaya.

Ta ce, "Ɗana ne, Malam. Allah ya san shi."

Liman ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, aka shafa. Da ana rabon waina wasu matan da suka zo a makare suka ɗauka sadakar cin kofi ce. Suna ta cewa, "Barka, Ya Aisa, Allah ya ƙara wa Mudathir ɗaukaka." Ita kuma tana cewa, "Amin, na gode."

Ba ta hana a ambace ka ba, ba ta kuma tambaye ka ba. Da na ce mata kana ta kira, cewa ta yi in gaya maka ta ga wasan.

Asirinka a rufe yake, ba wanda zai taɓa kofinku. An yi wa ƙaninmu addu'a ba a faɗi sunansa ba, saboda kana sanye da shi. Ni na ɗauki rabona, kullum ina gabanta. Ka zo gida ka ɗauki naka.

Yayarka,
Falmata